Kafin ka sake goge kwamfutarka saboda wani sabon Linux

'Yan uwa masu amfani da Linux, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana yawa. Mutum ya ɗora Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, a wannan watan, wata mai zuwa ya ga hoton Fedora a intanet ya goge komai, bayan 'yan kwanaki wani ya ce masa ai Arch ne na ƙwararru, ya sake komawa farko. Kwamfuta kullum a hannun gyara, aikin da aka saye ta dominsa kuwa yana nan jibge.

Abin da ke burge mutum a irin waɗannan hotuna, yawanci fuskar kwamfutar ce kawai: GNOME, KDE Plasma, Cinnamon ko Xfce. Kusan kowanne daga cikinsu za ka iya ɗora shi a kan wanda kake da shi yanzu, ba sai ka goge komai ba. A ƙarƙashi kuwa tushen, wato ɓangaren da ke sarrafa kayan kwamfutar, ɗaya ne, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, haɗe da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya assasa tun 1983. Firefox ɗin da ke kan Fedora shi ne a kan Debian. Haka LibreOffice, haka VLC.

Inda bambanci na gaskiya yake shi ne yadda sabuntawa ke zuwa maka. Debian, wanda ya faro tun 1993, yakan fitar da sabon zubi kusan duk bayan shekara biyu, kuma manhajojinsa sun ɗan kwana biyu, amma da wuya ka wayi gari wani abu ya lalace. Ubuntu na kamfanin Canonical, da ya fito a 2004, daga Debian aka tsago shi. Zubinsa na LTS, wato mai dogon kulawa, yana fita a watan Afrilu duk shekara biyu, ana kula da shi shekara biyar. Fedora, mai samun goyon bayan Red Hat, duk wata shida yake fitar da sabo, kowanne kuma kulawarsa ba ta wuce kusan wata 13 ba, wato dole ka riƙa bin sa. Shi kuwa Arch ba ya jiran zubi: da sabon abu ya fito sai ya iso maka, kuma kai ne za ka karanta sanarwa ka san abin da ya canza kafin ka sabunta. Ina matuƙar girmama Arch, kuma kundin bayanansa na intanet yana taimakon har waɗanda ba sa amfani da shi. Amma yana son mai lokaci.

Dalilin da ya sa abin ke damuna yanzu shi ne baƙin da ke shigowa. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da yawa masu kwamfutoci lafiyayyu sun tarar Windows 11 ta ƙi su, wasu don rashin TPM 2.0 kawai, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta. Sai su zo suna tambayar mafita, mu kuma mu rufe su da gardama, kowa na yabon nasa. Don Allah mu daina. Mai son ya rubuta takarda, ya shiga intanet, ya kalli bidiyo, a ba shi Linux Mint a ƙyale shi ya saba. In kwamfutar ta tsufa sosai, a zaɓar masa mai fuskar Xfce, don ba ta da nauyi.

Ban ce kada a taɓa canzawa ba. In ka sayi sabuwar kwamfuta, Debian ya kasa ganin waifai ɗinta saboda tushensa ya girme ta, komawa Fedora hankali ne. In Snap, hanyar girka manhajoji ta Ubuntu, ya ishe ka, Mint ya toshe shi tun 2020. Waɗannan dalilai ne da mutum zai iya nunawa da yatsa.

To in za ka canza, yi shi da tsari. Ɗora sabon a filas, ka kunna kwamfutar daga ciki ba tare da ka girka ba. Gwada waifai, sauti da firinta, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Kwafe fayilolinka zuwa wani faifai na waje tukuna. Wajen raba faifai kuma, ware wa /home, inda fayilolinka ke zama, nasa yanki daban, ta yadda gaba za ka iya sauya tsarin ba ka taɓa takardunka ba. Sai dai ka kula sosai kada ka sa alamar gogewa a kan wannan yankin. Ka kuma sani cewa ɓoyayyun fayilolin saiti da ke cikin /home, masu farawa da ɗigo, suna biyo ka, kuma na GNOME kan rikita kamannin KDE. Idan za ka sauya fuska, buɗe sabon asusun mai amfani, sannan ka kwaso takardunka kaɗai zuwa cikinsa.