Kukan da ake duba wa agogo

Asabar ɗin da ta wuce wata Baturiya abokiyar aikina ta gayyace mu cin abincin dare a gidanta, can gefen Manchesta. Abban Ummi yana aikin dare, don haka daga ni sai Ummi muka tafi. Tun daga ranar maganar take cina a rai, na ce bari in rubuta ko ta sauka daga ƙirjina.

Gidan irin nasu ne na jere, bangonka shi ne bangon maƙwabcinka, falo da kicin a ƙasa, wata siririyar matattakala mai kafet ta kai ka ɗakunan sama. Ɗanta watansa bakwai. Ƙarfe shida da rabi ta yi masa wanka, ta ba shi madara a kwalba, ta karanta masa littafi mai hotuna (ɗan wata bakwai fa), sannan ta kira ni in ga ɗakinsa. Nasa ne shi kaɗai. Gado mai shinge, ba filo ba bargo, an zura yaron cikin wata riga kamar buhu mai zif, hannuwansa a waje. Labulen baƙi ne mai kauri, domin a nan da bazara rana kan kai kusan goma na dare ba ta gama faɗuwa ba. Akwai wata na'ura da ke ta shuuu kamar rediyon da ya ɓace wa tasha, wai tana kwaikwayon ƙarar cikin mahaifa. Akwai wani ɗan ƙwan roba mai haske da ke auna zafin ɗakin, in ya fita daga digiri 16 zuwa 20 sai launinsa ya sauya. Sama da gadon kuma ga kyamara. Bakwai daidai ta sumbace shi, ta kashe fitila, ta ja ƙofa muka sauko.

Ta ajiye ɗan allon kyamarar a kan tebur kusa da gishiri. Ko loma uku ban yi ba yaron ya tsala kuka. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba, sai jin hannunta na yi a kan nawa. Ta dubi wayarta ta ce in zauna, saura minti bakwai.

A nan ta yi min bayani. Tsarin wani likitan yara ne na Amurka, Richard Ferber, wanda ya fito da shi a 1985. Daren farko in yaro ya yi kuka sai a jira minti 3 kafin a leƙa, sannan 5, sannan 10. In an shiga ba a ɗaukarsa, a ɗan shafa shi a yi masa magana a fito. Kowane dare ana ƙara tsawon jiran, har ya koyi yin barci ba tare da kowa ba. Su suna dare na huɗu ne, jiran farko minti 12. Muka zauna muna kallonsa a allo, fari da baƙi, yana harba ƙafa a cikin buhunsa. Ba zan ci amanarta ba, ita ma ba cin abincin take ba, idanunta sun kaɗa sun yi ja, mijin kuma ya tashi yana ta wanke tukunyar da ya riga ya wanke. Ummi da ke cinyata sai nuna sama take tana cewa “bebi, bebi”. Bayan kamar rabin awa yaron ya yi shiru.

Da a nan aka tsaya da na haɗiye na tafi gida. To ta san ina da cikin wata huɗu, ta kuma ga Ummi mai wata goma sha shida tana jan rigata, sai ta tambaye ni yadda zan yi. Ni kuma da bakina na shiga ba ta labarin yaye, har da ɗan alfahari: yadda ake sa rana, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, uwa ta yi makonni ba ta taka gidan ba. Matar nan ta ajiye cokali ta kalle ni ta ce, a rana ɗaya ku raba yaro da nono ku kuma raba shi da uwarsa? Ta ce ita dai ba za ta iya wannan rashin tausayi ba.

Rashin tausayi. Daga bakin wadda yanzun nan ta riƙe min hannu tana ƙirga wa ɗanta minti. Turancina ya ƙafe a wurin, murmushi kawai na yi. Sai a bas, Ummi na barci a kafaɗata, na yi ta ba ta amsa a zuci har muka sauka.

E, yaron da aka yaye yana kuka, babu mai musun wannan. Ina tuna lokacin da aka kawo ƙanena gidan Inna kakarmu, kwana uku babu wanda ya runtsa. Amma a ina ya yi kukan? A bayan mutum ya yi shi. Inna ta goya shi ta zagaye tsakar gida, in bayanta ya gaji matar kawu ta karɓa, da safe kawu ya ɗora shi a mashin a je sayen ƙosai, 'yan matan gidan suna rububin wa zai ba shi kunu. Nono kaɗai aka ɗauke masa, aka kuma cika masa gurbin da hannuwa goma. Wancan yaron na saman bene an ba shi labule, an ba shi ƙwai mai haske da rediyon shuuu, an hana shi hannu ko ɗaya. Ko da za a kawo min takardun likitocin duniya, ba zan yarda waɗannan kukan biyu ɗaya ba ne.

Kada a ce na rufe ido da alherinsu. Mutanen nan sun san darajar ran jariri. A 1991 suka yi gangamin a riƙa kwantar da jarirai a rigingine, mutuwar fuju'a da jarirai kan yi cikin barci ta ragu ƙwarai, abin da mu a gida in ya faru sai mu ce kwana ne ya ƙare mu yi shiru. Da na haihu, ma'aikaciyar lafiya har gida ta riƙa zuwa da ɗan jan littafin nan da ake rubuta nauyin yaro da alluransa, ta ce jariri ya kwana a gadonsa amma a ɗakin iyayensa har wata shida, kuma kada in kuskura barci ya ɗauke ni da ita a kan kujerar falo. Gaskiya ta faɗa, mun sha jin uwar da ta danne jaririnta cikin gajiya. Abokiyar tawa ma ta ce an bi wasu yara a Ostireliya har suka shekara shida, ba a ga wata illa da horon barci ya bar musu ba. Na ji, ban musa ba. Sai dai ba duk abin da ba ya barin tabo ne zuciya ke ɗauka ba.

Kuma na san abin da ya kai ta. Doka ta ba mace hutun haihuwa har mako 52, amma na 39 ake biya, a ciki ma makonni shida na farko ne ake ba da kashi 90 cikin ɗari na albashi, sauran ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ne. Miji mako biyu ne nasa. Uwarta tana wani gari mai nisa, ita ma aiki take. Kuɗin gidan raino kuwa sai ya kusa cinye albashin mutum. Macen da za ta tuƙa mota ƙarfe bakwai na safe dole ɗanta ya yi barci, ko ta halin ƙaƙa. Rashin uwa ne ya sa suka yi uwar ɗaki da agogo. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda suka mai da larura ilimi, har da masu sana'ar koya wa jarirai barci ana biyansu, sannan a juyo a kalli mai goyo kamar ita ce ba ta waye ba.

Ko kalmar yaye ba su da irin tamu. Kalmar da suke amfani da ita, in Baturiyar Ingila ta faɗa, yawanci fara ba yaro abinci a wata shida take nufi, a dafa masa karas a yanka a tsaye a zaunar da shi a doguwar kujera ya yi ta damalmalawa. Cire nono kuwa ba shi da rana, don galibi ba ya nisa. Wani rahoto da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2016 ya nuna a Birtaniya kusan yaro ɗaya cikin 200 ne ke shan nono har shekara guda. Shi ya sa in na shayar da Ummi a ɗakin jiran asibiti, yarinya da haƙoranta da takalminta, sai in ga ana kawar da kai cikin ladabi irin nasu. Doka ta hana kowa ya tashe ni, amma ba ta hana kallo ba. A raina nakan ce, shekara biyun da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ta wa'azi a kai yanzu, mu tun a aya ta 233 ta Baƙara muka same ta.

To amma gidan ma bai bar ni na sha iska ba. Ranar da na gaya wa Hajiya mahaifiyata ina da ciki, kafin ta ce Allah ya raba lafiya sai da ta ce, “Kwanika kika yi? Ki cire yarinyar nan yau ɗin nan, kada nonon ciki ya lalata min ita.” Kafin magariba saƙon murya ya iso daga Gwaggo, tana dariya tana cewa ashe sanyin Ingila ba ƙarya ba ne. Ungozoma a nan ta ce in dai cikin lafiyayye ne babu abin da nonon zai yi wa yarinya, sai dai ruwan ya ragu ɗanɗanonsa ya sauya in ciki ya yi nisa, yara da yawa ma da kansu suke bari. Abban Ummi ya tuna min hadisin da ke cikin Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya duba Rumawa da Farisawa ya ga suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu. Kenan duba yadda wasu mutane ke renon 'ya'yansu ba sabon abu ba ne. A wannan gaɓar ina bayan ungozoma, ko da yake ban iya faɗa wa Hajiya haka ba.

Ni dai jikina ya gaji. Laulayi bai sake ni ba, nonon in ta kama kamar ana tsaga shi da reza, kuma Ummi sau huɗu take tashi a dare. Ina son yayen. Da na ce wa Hajiya to wa zai riƙe ta, sai ta ce, “Ki kawo min ita mana,” kamar daga Gwammaja zan hau adaidaita. Sai da maganar ta fita ta tuna, muka yi shiru mu duka. Sau biyu muna nema mata biza ana hanawa. Wankan jego ma ni na yi wa kaina a bahon wanka, ranar da na iya, kunun kanwa kuwa sai a waya na ji labarinsa. 'Yar fari ce Ummi, amma alkunya ba ta ga wurin zama ba, sunanta nake kira sau ɗari a wuni, don in na kawar da kai babu wanda zai duba ta.

Akwai abin da ban gaya wa Baturiyar ba, ku zan gaya muku. Ni ma yaye aka kai ni gidan Inna, ban dawo ba sai da na shiga aji uku. Har yau in abu ya dame ni Inna nake fara tunawa kafin Hajiya, kuma na san Hajiya ta sani. Da na faɗa mata wannan da ta ce ka ji ko. Ni kuwa cewa nake uwa biyu na samu, ɗan nata fa nawa ya samu a daren nan?

Daren Talata na gwada. Kada ku yi min dariya. Na kwantar da Ummi a gadonta, na ja ƙofa, na zauna a matattakala na saita minti uku a waya. Ɗan wata bakwai kuka kawai yake yi, 'yar wata goma sha shida kuwa sunanka take kira. Tana jijjiga shingen gadon tana “Mama, Mama, zo”. Ga bangon nan kamar takarda, ina tunanin maƙwabta. A gida kukan yaro da dare maƙwabciya yake jawowa ta ce miƙo min ita nan, a nan kuwa duk baƙar fatar da ke da yara tana kwana da fargabar kada a kai ƙararta wurin masu kula da walwalar yara, ko da ba a taɓa kai ta ba. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in na iya. Na shiga na ɗauko zane na goya ta, na ɗaure a saman cikin, na shiga zagaye falon da bai fi taku biyar ba, daga hita zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa hita.

Har ƙarfe huɗu ba ta yi shiru ba, ta san ga nonon nan kusa an hana ta. Huɗu a nan da hunturu biyar ce a Kano, na san Hajiya ta tashi. Na kira ta ta bidiyo. Ta fito a allo da hijabinta, fitilar caji na haska rabin fuskarta, ta shiga lallashi, “Haba takwara, yi shiru, wa ya taɓa min ke?” Ummi ta leƙo ta kafaɗata tana miƙa hannu tana dangwalar gilashin wayar. Na ga hannun Hajiya ma ya ɗago, sannan ta mai da shi cinyarta. Ta bayanta ina jiyo ladanin unguwarmu ya fara kiran assalatu.

Ta ce, “Bari in yi sallah. Kada ki kashe, jingine wayar inda zan riƙa ganinta.” Na jingine ta a jikin kwalbar ruwa a kan tebur, na gyara ɗaurin zanen, na ci gaba da zagaye.