Ɓarawon Wuta Yana Cikin Gida

(Maigida ya faɗo falo yana karkaɗa takardar kuɗin wuta kamar wanda ya kawo sammaci.)

MAIGIDA: Kowa ya fito! Akwai ɓarawo a gidan nan.

UWARGIDA: Innalillahi! Me aka ɗauke, Malam?

MAIGIDA: Wuta! Mita tana gudu kamar an biyo ta da bulala. Kuma na kama mai laifin. (Ya zare caja daga bango ya jefa aljihu.) Cajarki ce, Hajiya. Ba waya a jikinta, amma tana maƙale tana tsotso.

AUTA: Baba, caja ita kaɗai ko wat 1 ba ta ja.

MAIGIDA: Wa ya sa bakinka? Da yayyafi kogi kan cika.

AUTA: To ga ruwan sama a bisa kanka. Ƙwan nan mai wat 60 ne, irin na zamanin Edison, Ba'amurken da ya fito da irinsa tun 1879. Kusan kashi 90 na wutar da yake ci zafi yake mayar da ita. Na LED mai wat 9 zai ba da haske ɗaya da shi.

UWARGIDA: Sau nawa na ce a canza? Ya ce ƙwan bai mutu ba, ba zai binne shi da rai ba.

MAIGIDA: Ku fa ba ku fahimce ni ba. Ba don aljihuna nake yi ba, duniya nake tausayi. Kwal da gas ake ƙonawa a yawancin tashoshin lantarki, hayaƙin kabon ya tashi ya tare zafi a sama. Shi ya sa ƙasashe suka taru a Paris a 2015, suka ce a yi ƙoƙari kada ɗumamar duniya ta wuce digiri 1.5.

UWARGIDA: Tausayin duniyar ne ya sa ka kashe mini firji shekaranjiya da dare?

MAIGIDA: Na ga kowa ya yi barci, na ce shi ma ya huta.

UWARGIDA: Ya huta kuwa. Abin da ke cikinsa ma ya huta, a kwandon shara.

AUTA: Baba, in yi lissafi?

MAIGIDA: Yi. Ai don haka nake biyan kuɗin makaranta.

AUTA: Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Akwai wata na'ura a gidan nan, an rubuta wat 1,500 a jikinta. Tana kwana a kunne, awa 8, taga a buɗe, ko numfasawa ba ta yi. Yunit 12 ke nan kafin gari ya waye. Sai ƙwan nan ya yi awa 200 kafin ya kamo ta.

MAIGIDA: Subhanallahi! Ta wane azzalumi ce? Faɗi sunansa, ko waye!

(Shiru. Uwargida ta hau gyaran ɗankwalin da bai karkace ba.)

AUTA: Esin da ke sanyaya ɗakinka ce, Baba.

UWARGIDA: Mutane na can suna ciniki kan digiri ɗaya da rabi, kai ka kafe ɗaki a 16, ka lulluɓa da bargo biyu, da safe ka tashi kana atishawa.

MAIGIDA: Bargon ai don kare lafiya ne.

UWARGIDA: Tagar fa?

MAIGIDA: Ita ce gudummawata. Duniya na fama da zafi, nake ɗan miƙa mata sanyi.

AUTA: Ta bayanta kuma esin tana fesa mata zafin da ya fi sanyin yawa.

MAIGIDA: Yaron nan, bokon ya fara yi maka yawa. Shi ke nan, a mai da ita 25, a rufe taga, bargo ɗaya ya yi ritaya. An tashi taro! (Ya duba wayarsa.) Kai, saura kashi 2! Hajiya, ara mini cajarki.

UWARGIDA: Tana tsare a aljihunka, Malam. Sai an yi belinta da ƙwan LED guda huɗu.