Kallo Kaɗai Ma Yana Iya Lalata Gaɓar Teku

A ƙauyukan Jigawa da ke kusa da dausayin Baturiya, inda baƙi kan zo kallon tsuntsaye, akan ji mutane suna cewa mai yawon buɗe ido ba ya ɓarna, tunda kallo kawai yake yi ya tafi. Wannan fahimta kuskure ce, kuma abin da ya faru a gaɓar tekun ƙasashe masu zafi ya tabbatar da haka.

Murjanin da ke ƙarƙashin ruwa halitta ce mai rai wadda take girma a hankali ƙwarai, kuma a cikinta kifaye da yawa suke samun mafaka da abinci. Ƙarfen da jiragen ruwa suke jefawa don su tsaya yana kakkarya shi, masu iyo suna tattake shi, ƙazantar ruwan otal-otal kuwa tana haɓaka gansakuka har ta lulluɓe shi, abin da ya fi cutar da masunta talakawa.

Saboda irin wannan ɓarna ce gwamnatin Tailan ta rufe gaɓar Maya, wani bakin teku da masu yawon buɗe ido ke yawan zuwa, a 2018, ba ta sake buɗe ta ba sai 2022, bayan ta ƙayyade yawan baƙi ta kuma hana jiragen ruwa shiga. Filifin ma ta rufe tsibirin Boracay na wata shida a 2018 domin gyara magudanan ƙazanta.