Ranar da surukina ya ji muryar kurege

Duk abin nan 'yan kurege uku ne suka ja min: Alvin mai jar riga, Simon mai tabarau, da Theodore ɗan lukuti. Muna firamare, gida ɗaya ne mai bidiyo a layinmu, kaset ɗin katun kuma ɗaya tal, har hoton ya soma rawa don yawan kallo. Sai mun wanke ƙafa ake barinmu mu zauna a kan leda. Turancin ba ma ji, don haka duk waƙar da suka ɗauko sai mu liƙa mata namu baitin, yawanci a kan wake da shinkafa. Babban abin da muke jira shi ne inda ubangidansu Dave zai ƙule ya daka wa Alvin tsawa.

Makon jiya na ci karo da su a YouTube. Da furfurata da komai na zauna har ƙarfe ɗayan dare. A nan na gano an daɗe ana yi mana wayo. Da can zan iya rantsuwa yara ne ke waƙar, ashe dabara ce ta wani Ba'amurke, Ross Bagdasarian, tun 1958: ya ɗauki muryarsa a tef yana jan magana a hankali, sannan ya ninka gudun tef ɗin, murya ta tsuke. Waƙarsu ta farko har lambar yabon waƙa ta Grammy uku ta ci, daga baya ɗansa ya gaji sana'ar.

Na ce to, abin da wani ya yi da tef, ni mai waya a hannu zai gagara? Na sauke manhajar sauya murya, na shige mota na ɗaga gilas don kada yara su raina ni, na zage na rero baitin wake da shinkafa. A ƙarshe na ƙara da cewa, "Kai tsohon banza, ka tuna lokacin da ake koro ka saboda kaushi?" Abokina na yarinta nake nufi, wanda na ajiye lambarsa da sunan "Alhaji" don tsokana, alhali ko Kwatano bai taɓa zuwa ba.

Lambar da ke ƙasan tasa ita ce "Alhaji Baba". Mahaifin matata.

Kafin in lalubo inda ake gogewa, alamar an buɗe saƙon ta riga ta koma shuɗiya. Shi kuwa Baba bai san kara waya a kunne ba, a lasifika yake jin komai, kuma a daidai lokacin yana majalisar bayan La'asar, cikin dattawan unguwa.

Ba ni ya kira ba, 'yarsa ya kira. Ina jiyo ta tana cewa, "A'a Baba, lafiyarsa ƙalau, yanzu ma ya ci tuwo." Ashe majalisa ta rabu biyu: wasu sun ce mutanen ɓoye ne, tunda ɗan Adam ba ya irin wannan murya, wani kuma ya ce matsin rayuwa ne, a bi ni a hankali.

Washegari na sa babbar riga na je na durƙusa tun daga zaure. Na fara bayanin Amurka da tef da 1958, ina yi ina jin yadda maganar ke ƙara kama da ta mai taɓin hankali. Baba dai jan carbinsa yake. Da na kai aya ya ce, "To madalla, murya ta dawo." Ya miƙo min kwalbar zuma da ƙullin habbatus sauda, ya ce safe da yamma.

Na kai bakin ƙofa ke nan ya sake kirana. "Wai shi tsohon banzan, kaushin nasa ya warke?"