Kujerar da babu ita

Wallahi har yau in zan zauna sai na fara shafa kujera da hannu, kuma tabaran VR ne ya ja min, wanda in ka ɗaura a ido sai ka ga kamar kana wani wuri daban. Muna aji biyu a makarantar koyon aikin nas, ranar firaktikal Malama ta shigo da irin tabaran mai suna Meta Quest guda ɗaya tal, ta ce yau za mu gwada yadda ake faɗa wa majinyaci labari marar daɗi, wato tsarin nan na SPIKES mai matakai 6 da muka haddace kamar karatun allo. Ta ce wa za ta fara? Ni sarkin rawar kai tuni hannuna yana sama.

Aka ɗaura min abin a kan hijabi da ƙyar, sai ga ni tsulum a ɗakin asibiti fes-fes, wani tsohon Bature yana kwance, wai cutar kansa ta bazu a jikinsa kuma ni zan zauna da shi mu yi maganar. Na manta shaf cewa duk abin da nake gani 'yan aji ma suna kallo a talabijin. Na rusuna na ce sannu Baba ya jiki, mutumin ya ƙura min ido, ashe Turanci kawai yake ji.

To matakin farko ai an ce ki samu wuri ki zauna, kar ki tsaya a kan mutum kamar kin zo karɓar bashi. Ga kujera nan gefen gado, shuɗiya, har da hannu. Na gyara siket na zauna da dukkan nauyina.

Jama'a babu kujera. Tayil ne ya tarbe ni.

Dariya nake ji ta ko'ina amma ba na ganin kowa sai Bature, shi kuma ko a jikinsa, yana kallon inda kaina yake da. Na miƙe ƙugu na zugi, jiri na ɗibata, sai kawai ya jefo min tambaya, wai nas mutuwa zan yi? Abin da aka koya mana shi ne ki ɗan yi shiru, ki tambaye shi me ya riga ya sani, me yake so ya ji, kar ki yi gaggawa. Ni kuwa duk SPIKES ta zube tare da ni a ƙasa, bakina ya kuɓuce na ce haba Baba ai kowa ma mutuwa zai yi, da Turanci kuma, yadda ya ji ni sarai.

Bawan Allah ya fashe da kuka. Tausayi ya kama ni na kai hannu zan dafa kafaɗarsa, na ji na damƙo abu mai laushi, na ce kai fasaha ta ci gaba har taɓawa ana yi! Ashe ɗankwalin Malama ne, ta matso ta riƙe ni kar in sake faɗuwa.

Ta zare min tabaran, duk kwallina ya dame a jiki, ta ce "'yata, je ki zauna." Wata daga baya ta ce Malama a dai nuna mata ta gaske.