Kafin ka miƙa ɗanka ga mai baƙar ɗamara

Iyayen yara da matasan Maradi, akwai maganar da ta kamata mu yi da juna kan wuraren koyon tekwando, karate da judo. Tun da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciwo wa Nijar lambar azurfa ta tekwando a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu a 2017, yara da yawa suka ƙwallafa rai ga wannan wasa. Abin farin ciki ne. Sai dai farin kimono, wato kayan da ake sawa a yi wasan, da baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa, kayan sayarwa ne, duk mai kuɗi na iya saye ya ɗaura, takardar shaida kuma a shagon kwamfuta ana buga ta cikin minti goma har da hatimi.

Abin da iyaye suka fi tambaya shi ne wanne ya fi tsakanin karate da tekwando. A ganina wannan tambaya ta yi gaggawa. Wanda zai koyar, da daɓen da za a koya a kai, su ne a gaba. Mu fa mutanen kokowa ne. Kantu, ɗan Maradi da ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba wanda ya nemi takardarsa, domin a fili ya yi kaye, gaban dubban idanu. A kokowa kowa ya san wa ya rene ka, da wa ka kara, wa ya kayar da kai. Wannan ma'aunin za mu ɗauko mu auna metir, wato malamin wasan, da shi.

Ka same shi cikin mutunci ka ce, malam, a hannun wa ka koya, shekara nawa, kuma wa ya yi maka jarrabawar ɗamara? Mai gaskiya yana jin daɗin wannan tambaya, zai lissafa maka sunaye da garuruwa. Wanda ya haɗe rai, ko ya ce wani baƙo ne ya koya masa a ɓoye ya tafi, ka san inda aka dosa. Sannan ka tambayi ko kulob ɗin yana da rajista da federasiyon wasan ta ƙasa, ko ɗalibai na da lisansi na bana, ko akwai inshora idan aka ji rauni. Kada ka tsaya kan bakinsa, ka je ofishin matasa da wasanni na jiha ka ji ko sun san shi.

A tekwando binciken ma ya fi sauƙi. Cibiyar Kukkiwon da ke Seul, wadda aka kafa a 1972, ita ke ba da shaidar dan, wato matakin baƙar ɗamara, da duniya ta sani, kowace takarda da lambarta, kuma ana iya duba sunan mutum a shafinsu na intanet da ranar haihuwarsa. Akwai kuma lissafin da ba ya ƙarya. Daga dan na 1 zuwa na 2 sai an jira shekara 1, zuwa na 3 shekara 2, zuwa na 4 shekara 3, zuwa na 5 shekara 4. Kenan mai dan na 5 ya shafe aƙalla shekara 10 bayan baƙar ɗamararsa ta farko. Saurayi ɗan shekara 25 da ya rubuta dan na 7 a allon kulob ɗinsa, lissafi kaɗai ya tona shi. Yaron da bai kai 15 ba ma ba a ba shi dan, akwai matsayin yara daban da ake kira pum.

Amma takarda ta gaskiya ba ta nufin iya koyarwa, don haka gani ya kori ji. Ka je ka zauna kallo sau biyu, sau ɗaya ba tare da ka sanar ba. Wurin da aka ce iyaye ba sa shiga, kada ka bar ɗanka a can ko na yini ɗaya, balle ƴarka.

Fara da duban ƙasa. Judo wasan jifa ne, yana buƙatar tatami, wato shimfiɗar wasan, mai kaurin santimita 4 zuwa 5, a haɗe ba rami tsakani, domin a irin wannan tsagar ce ɗan yatsan ƙafa ke maƙalewa ya karye. Karate da tekwando na iya yi da shimfiɗar roba mai santimita 2 ko fiye. Idan babu kuɗin tatami, rairayi mai laushi da aka tankaɗe aka tsince duwatsu ya fi siminti nesa ba kusa ba. Malamin da ke sa yara jefa juna a kan siminti da tabarma ɗaya bai san aikinsa ba, ko kuma bai damu ba.

Daga nan ka duba yadda ake faɗuwa, don a nan ake gane malamin judo. Makonnin farko kusan duka koyon faɗuwa ne: haɓa manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, baya a lanƙwashe, a mari tatami da dukan hannu daga tafi zuwa kafaɗa, nesa kaɗan da jiki. Sabon ɗalibi kullum yana son tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, nauyin jiki duka ya sauka a wuyan hannu ko gwiwar hannu ko ƙashin wuya, a ji ƙas. Idan ka ga yaron da ya zo shekaranjiya ana jifa da shi yau, an tsallake tushe.

Darasi mai kyau yana farawa da ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15, gudu a hankali da motsa gaɓoɓi, kafin a zo miƙe jijiya. Akwai wata mummunar ɗabi'a da na tsana, malam ya hau cinyar yaro ya danna don ƙafafu su buɗe, yaro na kuka ana ce masa ya zama namiji. Naman cikin cinya ne ke yagewa, kuma jinyarsa makonni ce, wani lokaci watanni. Buɗewar ƙafa a hankali take zuwa, riƙon daƙiƙa 20 zuwa 30, kullum kaɗan kaɗan. Haka sa yara naushin bango ko fasa bulo wai hannu ya yi tauri. Ƙashin yaro bai gama girma ba, wurin tsiron da ke bakin gaɓa idan ya lalace yatsa na iya tashi a karkace har abada.

Sai ruwa. A Afrilu da Mayu zafin Maradi yana haura digiri 40, a ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka. Horo ya kasance da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20. Hana ruwa da sunan juriya ganganci ne da ran ɗan mutane. Da azumi a rage nauyi ko a maida darasi bayan shan ruwa.

Karawa kuma dole ce, amma da tsari. Makarantar da ba a taɓa karawa a cikinta, sai naushin iska shekara da shekaru, tana yaudarar ɗalibanta, ranar da aka kai musu duka na gaske za su daskare. Wadda kuma ake haɗa ƙaton da ya shekara 3 da sabon shiga a bar su su daki juna, wannan cin zali ne. A haɗa mutane daidai nauyi da daidai ƙwarewa, da hular kai, da sulken ƙirji a tekwando, da kariyar ƙwauri, dantse da gaba, da robar haƙori. Wanda ya sha bugu a ka ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya manta abin da ya faru, ya gama na ranar, sai likita ya gan shi. A watsa masa ruwa a ce ya koma fili, nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa.

Duk malamin da ya haɗa darasi da sayar da laya ko maganin ƙarfe, ko ya ce yana da bugun da ke kashewa wanda bai halatta a gwada ba, ko ya yi alkawarin cikin wata guda za ka ƙwace wuƙa daga hannun ɓarawo, ka kama hannun ɗanka ku fita. Masu sanin gaskiya abin da suke koyarwa game da wuƙa shi ne ka ba da tazara, ka miƙa wayar, ka tsira.

Kan kuɗi, a faɗa maka komai tun ranar farko: na wata, na lisansi, na jarrabawar ɗamara. Mai zuwa sau 2 ko 3 a mako yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin baƙar ɗamara. Inda ake canza launi duk wata, kowa ya biya ya ci, ɗamara ake sayarwa. Nan kam idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, don mu iyaye ne ke matsa wa malam lamba kan me ya sa ɗan maƙwabci ya samu shuɗiya namu yana rawaya.

Idan malamai biyu sun ci wannan gwaji, sai a zo zaɓen salo. Tekwando na ƙafa ne da sauri da tazara, yana cikin Olamfik tun 2000, kuma ƴan mata na karawa da ɗankwali a ƙarƙashin hular kai. Judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882, na riƙo ne da kaye da danne abokin karawa, babu naushi, kuma yaron da ya taso yana kokowa a rairayin Gulbi zai ji kamar gida ya zo. Karate yana haɗa hannu da ƙafa, yana son mai haƙurin maimaita abu ɗaya sau ɗari. Damben zamani, wanda Isaka Dabore ya ciwo mana tagulla da shi a Munik a 1972, ya fi saurin koya wa mutum kare fuska da motsa ƙafa, amma bugun kai a cikinsa ya fi yawa, don haka ƙananan yara su tsaya ga buhu da tafin malam tukuna.

A lissafa da nisa. Idan kuna unguwar Zariya kulob yana can ƙarshen gari, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa sau 3 a mako shi zai fara gajiyar da ku kafin yaron ya gaji. A gwada na kusa tsawon wata guda, a riƙe kuɗin kimono sai wata na biyu, wando mai faɗi da riga sun isa a fara da su.