Fargaba kafin tiyatar rage ƙiba ba alamar a fasa ba ce

Sau da yawa a nan Kaduna, idan aka sa wa mutum ranar tiyatar rage ƙiba, barci ya ƙaurace masa, gabansa ya riƙa faɗuwa, sai 'yan uwa su ce jikinsa ne ke ba shi cewa aikin ba alheri ba ne, wasu kuma su ce tawakkalinsa ne ya yi rauni. Duka biyun kuskure ne. Bugun zuciya da gumin tafin hannu aikin sinadarin adirenalin ne, wanda jiki ke saki idan ya tunkari abin da bai saba da shi ba, kuma wanda ya san za a cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbinsa, kamar yadda ake yi a nau'in da ya fi yaɗuwa, ba abin mamaki ba ne ya ji tsoro.

Abin da ke cutarwa shi ne yadda wasu ke neman kwantar da hankalin. Wani yakan sha jiƙo ko ƙwayar barci ba da sanin likita ba, wani kuma yakan zauna gaban malmalar tuwo da daddare da sunan bankwana, alhali abincin ruwa-ruwa da ake ɗora majinyaci a kai kafin aiki yana rage girman hanta ne domin likita ya isa ga tumbin cikin sauƙi. Haka nan ana hana cin abinci aƙalla awa 6 kafin tiyata, don kada abin da ke ciki ya taso ya shiga huhu.

Wanda fargaba ta dama ya rubuta tambayoyinsa a takarda, ya faɗa wa likitan da zai sa shi barci a lokacin tiyata gaskiyar halin da yake ciki, domin akwai maganin da likitan ne ya san ya dace a ba shi.